Yadda Ake Haɗa Lasifikar Bes Mai Buɗaɗɗen Allo Irin Ta Tsoffin Gidajen Silima

Tambayar ta yi yawa, kuma kusan duk iri ɗaya ce: yaya ake haɗa lasifikar bes wadda ba ta da akwati, allon katako ne kawai a tsaye, bayansa a buɗe, amma ta ba da amo mai kauri da tsabta? Wasu ma sun riga sun gwada. Sun huda katako, sun ɗaura wufar da ke hannunsu, wato babbar sifika mai takarda da maganaɗisu da ke fitar da bes, sai sauti ya fito siriri, bes ɗin ya ɓace. Ba laifin hannunsu ba ne, matakan ne suka sha gaban juna.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu ɗauki zarto. Idan takardar wufa ta tura iska gaba, a lokaci guda tana zuƙo ta a baya. Kamar ka tura tafin hannu cikin ruwa ne, ruwan sai ya zagayo ta gefe ya cike gurbin da hannun ya bari. Aikin allo shi ne tsawaita wannan zagayen. Shi ya sa lasifikun silima irin Altec A2 da A4 na 1945 suke da manyan fukafukan katako a gefe da gefe, shi ya sa kuma ake ɗaura Eurodyn ta Klangfilm a allo mai mita 2 tsawo, mita 2 faɗi. A wannan aikin, faɗin allo da faɗin takarda su ne ke ba da bes, ba yawan wat ba.

Abin da za mu haɗa: allon tsakiya mai wufa biyu 'yan inci 15, da fukafukai biyu masu lanƙwasuwa. Guda biyu za a yi, na dama da na hagu.

1. Auna ɗakin tukuna

Kowace lasifika za ta ci faɗin da ya kai mita 1.1 zuwa 1.25, tsawonta santimita 122. Tana kuma buƙatar aƙalla mita 1 tsakaninta da bangon da ke bayanta. Ɗauki tef ɗin awo, ka shata wurin a ƙasa, ka tsaya ka duba ko za a iya rayuwa a ɗakin haka.

Gargaɗi: idan dole sai ta jingina da bango, dakata a nan. Akwati rufaffe ya fi dacewa da kai, kuma babu wata dabara da za ta gyara wannan daga baya. Bangon gefe kuwa ba shi da matsala sosai, domin ta gefenta irin wannan lasifika kusan shiru take.

2. Zaɓen wufa

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Nemi takardar bayanin wufar daga kamfanin da ya ƙera ta, ka duba lambobi huɗu.

Na farko Qts. Shi ke nuna yadda maganaɗisu ke riƙe takardar. Wufar akwati takan zo da 0.3 zuwa 0.45, wato riƙo mai ƙarfi, domin akwatin ne zai cika mata bes. A buɗaɗɗen allo babu mai cika mata, don haka kana son Qts daga 0.7 zuwa wajen 1.2. Wannan ne dalilin da wufa mai ƙaramin maganaɗisu, mai sauƙin kuɗi, take yawan doke mai tsada a wannan aikin. Eminence Alpha 15A misali ce da masu wannan sana'a suka daɗe suna amfani da ita: Qts 1.26, Fs 41, om 8 (om ma'aunin turjiyar wufa ga wutar lantarki ne).

Na biyu Fs, wato inda takardar ke kaɗawa da kanta. Ƙasa da nan bes zubewa yake da sauri. Nemi Hz 45 ko ƙasa da haka (Hz shi ne adadin kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, ƙaramin adadi shi ne amo mai kauri). Na uku Xmax, iyakar tafiyar takarda gaba da baya ba tare da sauti ya gurɓata ba. Alpha 15A milimita 3.8 kawai take da shi, shi ya sa ake sa biyu a kowane gefe. Idan ka samu mai milimita 6 ko 8 da Qts mai kyau, ɗauke ta. Na huɗu faɗin takarda: inci 15 tana da wajen santimita murabba'i 850, inci 12 wajen 530. Biyu 'yan inci 15 sun yi daidai da kusan takwas 'yan inci 8. Kada ka sauko ƙasa da inci 15 in kana da hali.

Gargaɗi: sha'awar kayan da kan ja mutum ya nemo tsohuwar wufar silima ta asali, irin Altec 515. Wufa ce mai daraja, amma don ƙaho aka yi ta, Qts ɗinta bai kai 0.3 ba. A kan shimfiɗaɗɗen allo ba za ta ba ka bes ba sai da ɗauri mai yawa daga na'ura. Wufar mota mai nauyin takarda da roba mai kauri ita ma ka bar ta, sai ta sha wuta da yawa kafin ta motsa.

3. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Ga abin da lasifika biyu za su ci:

- filawud mai kaurin milimita 18, falle biyu, kowanne santimita 122 da 244
- wufa huɗu iri ɗaya
- dogon hinji irin na murfin fiyano, guda huɗu
- noti mai haƙora da ake bugawa cikin katako, da bol M6, takwas-takwas ga kowace wufa
- gam ɗin katako, sukurori, tef ɗin soso mai manne, sanfefa
- waya mai kaurin milimita murabba'i 2.5
- zarton lantarki, injin rawta ko jigso, diril, ƙarafan matse katako aƙalla shida, mita ta auna om, batir mai bolt 1.5

Wufa huɗun su ne kaso mafi girma na kuɗin. Mai bi musu shi ne ɓangaren tace sauti, ko dai na'urar DSP, mai tace sauti ta hanyar kwamfuta, da amfilifaya ta daban, ko manyan koyil na jan ƙarfe. Katako ne na uku. Idan aljihu bai kai ba, sayi wufa biyu, ka huda ramin ƙasa kaɗai, ka ƙara na sama daga baya. Abin da ban yarda a rage ba shi ne kaurin katako. MDF, wato allon da aka yi da matsattsen garin katako, shi ma yana yi kuma ya fi sauƙin kuɗi, sai dai ya fi nauyi, bakinsa ba ya riƙe sukurun hinji da kyau, ga ƙura mai cutar da huhu. In shi za ka yanka, sa takunkumi.

4. Gwada wufa kafin ka taɓa katako

Auna kowace da mita. Mai om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7, kuma ya kamata huɗun su yi kusa da juna. Ɗora yatsu kewaye da murfin tsakiya, ka danna a hankali, daidai wa daida. Idan ka ji gogayya ko ƙarar karce, mayar da ita tun da wuri. Sannan ka jingine su a tsaye, ka ba su amon Hz 25 a ƙaramin murya na 'yan awoyi, yadda za ka ga takarda na motsi kaɗan amma ba ta bugawa. Sabuwar wufa a sanƙare take, wannan zai sassauta ta.

5. Yankan katako

Falle ɗaya lasifika ɗaya. Yanka shi a gicciye, yadda kowane yanki zai fito da tsawon santimita 122: biyu masu faɗin 50, ɗaya mai 45, ɗaya mai 30. Abin da ya rage, wajen santimita 68, daga ciki za ka cire gindi mai 50 da 55, da kuma yanki mai 40 da 65 wanda za ka raba daga kusurwa zuwa kusurwa ya ba ka tokara biyu.

Shafa gam a duk fuskar masu faɗin 50 ɗin nan biyu, ka haɗe su, ka matse, su kwana. Allon tsakiya ya zama milimita 36 ke nan. Idan ƙarafan matsi ba su kai tsakiya ba, ɗaura sukurori ta baya a wuraren da za a huda, tunda za su fita tare da yankin.

Da gangan fukafukan suka bambanta. Idan nisan wufa zuwa kowane baki iri ɗaya ne, sautin baya zai iso gaba a lokaci guda daga ko'ina, sai wani amo ya kumbura, wani ya nutse. Bambancin 45 da 30 yana warwatsa wannan.

Gargaɗi: lasifikar dama da ta hagu su zama kamar hoton juna a madubi, babban fiffike a waje ga kowacce. Rubuta alama a bayan kowane yanki da fensir tun yanzu.

6. Huda ramuka

Ja layi a tsakiyar allo daga sama zuwa ƙasa. Cibiyar wufar ƙasa ta kasance santimita 25 daga ƙasa, ta sama 67. Kusantar ƙasa na da amfani, domin daɓe yana zama kamar ci gaban allon ne, yana ƙara bes kyauta.

Ramin inci 15 yakan kama milimita 350 zuwa 356, amma auna taka wufar, kada ka dogara da abin da ka ji. Fara gwadawa a kwali. Da rawta, ɗaura ta a sandar katako mai ƙusa a cibiya, ka riƙa zagayawa kana nutsa milimita 6 a kowane zagaye. Da jigso, bi cikin layi, ka ƙarasa da sanfefa.

Saka wufar, ka yi alamar ramukan bol, ka huda, ka buga notuna ta baya. Sai abin da mutane ke tsallakewa: katako mai milimita 36 yana toshe tagogin da ke jikin ƙarfen wufa ta baya. Fere bakin ramin ta baya a karkace, digiri 45, ka bar tudu kawai inda notuna suke. Juya allon ka leƙa: ya kamata ka ga bayan takardar a fili, ba ta cikin rijiya ba.

Gargaɗi: a zagayen ƙarshe na rawta, da'irar tsakiya takan kuɓuce ta ja injin cikin bakin ramin. Kafe ta da sukuru a katakon da ke ƙarƙashi kafin ka fara.

7. Gindi, tokara da fukafukai

Gindin yana manne ne a bayan allo, allon kansa na taɓa ƙasa, don kada a bar kafa a ƙarƙashi. Kafa tokara biyun a kansa, santimita 3 daga kowane baki, dogon gefensu na bin allo, da gam da sukurori. Ɗora buhun yashi ko wani abu mai nauyi a kan gindin. Yana hana faɗuwa, yana kuma shanye girgiza.

Ɗaura hinji ta baya, fukafukai su lanƙwasa baya, su ma suna taɓa ƙasa. Tsagar da ke tsakanin fiffike da allo dole a rufe ta daga sama har ƙasa da tef mai ƙarfi ko ƙyalle mai kauri da gam. Tsaga mai faɗin yatsa gajeriyar hanya ce ga iska, kuma daidai take da ka cire fiffiken.

Fara da lanƙwasa ta digiri 30. Kada ka kai su digiri 90 suna kallon juna. Idan suka yi haka, bayan lasifikar ya zama rami, kuma rami mai zurfin santimita 45 yana gunji a wajen Hz 190, daidai inda kaurin muryar namiji yake.

8. Ɗaura wufa da haɗa waya

Kwantar da allon, manna tef ɗin soso kewaye da ramin, ka sauke wufar. Fara kowane bol da hannu, sannan ka ɗaure a gicciye, wannan sai na daura da shi, kaɗan-kaɗan, don kada ƙarfen ya murɗe. Sa tafin hannu ya kare takarda duk lokacin da sukudireba ke aiki.

Wufa biyu masu om 8, ja da ja, baƙi da baƙi, suna ba da om 4. Idan amfilifayarka ba ta ɗaukar om 4, jera su ɗaya bayan ɗaya su zama 16, amma ƙarfi zai ragu. Taɓa batir mai bolt 1.5 a wayar, kansa a jar waya: dukkan takardun su yunƙuro gaba tare. Idan ɗaya ta yi baya, juya wayarta. Gwada ɗaya lasifikar ma haka. Ɗaure wayar a jikin tokara, kada ta yi lilo ta riƙa taɓa takarda.

9. Tace sauti

Ba a haɗa wannan allo kai tsaye da amfilifaya a yi tsammanin bes. Nisan zagaye a nan wajen santimita 60 ne. Raba gudun sauti, mita 343 a daƙiƙa, da ninkin wannan nisa, za ka samu kusan Hz 285. A nan allon ya fi ƙara, daga nan kuma ƙasa yana raguwa da dB 6 (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne) duk lokacin da adadin Hz ya ragu da rabi. A wajen Hz 100 ya yi daidai da akwati rufaffe, a 50 ya gaza shi da dB 6. Aikin tacewa shi ne danne saman har ya daidaita da ƙasan. Hanya biyu ce.

Ta farko, koyil da kafasita. Ga om 4, sa koyil mai mH 6 a jere da wufa, da kafasita marar kai da gindi mai µF 190 ko kusa da haka a gicciye. A lissafi yankan yana wajen Hz 150. Ga om 8, ninka koyil, ka raba kafasita biyu. Nemi koyil mai waya mai kauri, wanda mita ba ta nuna sama da rabin om. Fara da koyil kaɗai ka saurara, domin gangarensa na dB 6 yana goge hawan allon, wani lokaci kusan ya isa. Amfanin wannan hanya shi ne amfilifaya ɗaya ta riƙe komai. Illarta kuwa, kowane canji sai ka sayi sabon kaya.

Ta biyu, DSP irin miniDSP 2x4 HD, da amfilifaya ta bes ita kaɗai. Ita na fi so, domin kana iya gyara abu goma a zama ɗaya. Yanke sama a Hz 150 da gangaren dB 24, ɗaga ƙasa da Hz 100 da dB 4 zuwa 6, sannan ka yanke duk abin da ke ƙasa da Hz 28 ko 30.

Gargaɗi: wannan yankan na ƙasa ba ado ba ne. Don a samu ƙara iri ɗaya, idan adadin Hz ya ragu da rabi, wufar akwati tana ninka tafiyarta sau huɗu, ta buɗaɗɗen allo kuwa sau takwas. Babu iskar akwati da za ta tare ta. Fim mai fashewar bam ko faifan garmaho da ya lanƙwashe na iya jefa takarda har ta bugi ƙarfe. Kada ɗagawar ta wuce dB 6 da wufa mai gajeren Xmax. Amfilifaya mai wat 50 zuwa 100 ta wadatar, takardar za ta kai iyakarta kafin amfilifayar ta gaji.

Abin da zai ɗauki sama da Hz 150 wani aiki ne daban. Mafi sauƙi shi ne lasifika mai cin dukkan murya 'yar inci 8 a ƙaramin allo a sama. Masu son ƙaho su sani cewa a tsoffin gidajen silima an riƙa yanka shi ne a Hz 500, kuma idan wufarka za ta hau har can, sai fukafukai sun kusa miƙewa, an kuma danne kumburin nan na 285.

10. Ajiyewa da saiti

Fara da mita 1 daga bango. Sautin baya a juye yake fita, ya bugi bango ya dawo, tafiyar mita 2 ke nan. A wannan nisa yana ƙarfafa amon wajen Hz 86, yana kuma rage na wajen 172. Ka nisanta lasifikar da bango, lambobin su sauka, ka kusantar da ita, su hau. Saboda haka matsar da lasifika taku ɗaya na iya yin abin da DSP ba zai yi ba. Matsa santimita 10 a lokaci guda, ka yi alama a ƙasa. Juya fuskokinsu su kalli wurin zamanka, domin duk wanda ya zauna ta gefe bes kaɗan zai ji.

Idan za ka iya, auna. Manhajar REW kyauta ce, kuma makirufo irin UMIK-1 yana shiga kwamfuta kai tsaye. Ajiye shi inda kanka yake idan ka zauna. Danne tudun da ka gani a zanen awon, amma kada ka yi ƙoƙarin cike rami mai zurfi da ƙarin wuta, sokewa ce, wufa kawai za ka wahalar. Idan akwai rami daidai inda bes ke miƙa wa na sama, juya wayar na saman ka sake aunawa.

Bayan wuri ya zauna, sai kusurwar fukafukai. Gwada digiri 15, 30 da 45 da waƙa ɗaya wadda ka sani sosai, mai muryar namiji da jita bes. Idan murya ta fara kumbura kamar mai magana cikin hanci, ka lanƙwasa da yawa.

Ka ba kunnenka lokaci. Wanda ya saba da akwati mai rami yakan ji kamar bes ya yi kaɗan a ranar farko, domin babu gunjin nan da ke biyo bayan kowane bugu. Saurari ganga: za ka ji fatar da kanta, bugu ya zo ya tsaya, na gaba ya biyo a rarrabe. Idan abin da kake nema shi ne girgizar kujera a Hz 20, sai ka ƙara akwatin sab, mai fitar da bes mafi zurfi, ƙasa da Hz 40.

11. Farautar kaɗawa, sannan fenti

Kunna amo mai hawa a hankali daga Hz 20 zuwa 200, ka zagaya allon kana ɗora hannu. Inda ƙara ta tsaya da ka taɓa, nan ne matsalar. Yawanci hinji ne, ko bol da bai ɗauru ba, ko bakin fiffike da ke rawa a kan daɓe. Manna ƙyalle mai kauri a ƙarƙashin fukafukai. Tunda ka riga ka zaɓi kusurwa, kafe kowane fiffike da sandar katako zuwa gindi da wata zuwa saman tokara. Idan babban fiffiken na girgiza a hannu, manna masa sanda mai santimita 5 a karkace ta baya.

Fenti ko banish shi ne na ƙarshe, bayan duk huji ya ƙare. Cire wufa kafin ka shafa, ka shafa gaba da baya daidai, domin filawud da aka shafe fuska ɗaya yakan kantare. Kada ka rufe bayan da katako ko soso mai kauri don ɓoye maganaɗisu. Idan akwai yara ko kyanwa a gidan, shimfiɗa siririn yadi mai shan iska a kan firam, gaba da baya. Bayan mako biyu ka sake bin bol ɗin duka da sukudireba, soson ƙarƙashin wufa yakan kwanta su saki.